Lissafin Zafi a Gindin Murhu

Na san duk wanda ya ga kan wannan magana zai ce, me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan ɗalibin Hausa da lissafin kimiyyar sinadarai? To, ku yi haƙuri ku biyo ni, domin ni ma ba da son raina na shiga ba, jefa ni aka yi. Hasali ma tun ina aji huɗu na sakandare na yi sallama da ɗakin gwaje-gwaje, na tattara komatsaina na koma ajin adabi, ina murna na rabu da alaƙaƙai. Ashe abin da na guda yana nan yana jirana a tsakar gidanmu.

Hutun hunturun da ya wuce na tafi gida Kano, na tarar da ƙanwata, wadda take bi mini, duk ta rame. Dalili kuwa shi ne, ta zauna jarrabawar fita sakandare, ta ci kowane darasi sai kimiyyar sinadarai kaɗai, ga shi kuma makarantar koyon aikin jinya da take buri ba ta ɗaukar wanda bai ci wannan darasi ba. Innarmu sana'arta yin sabulu, kuma da kuɗin adashinta na wata shida aka sake biya wa yarinyar nan kuɗin jarrabawa. Baba kuwa ya riga ya faɗa, ba da faɗa ba, cewa wannan shi ne na ƙarshe, domin akwai ƙanne uku a baya, kowa da tasa ɗawainiyar.

Ran da na kwana biyu da zuwa, bayan sallar lisha muna zaune gindin murhu muna jin ɗumi, sai ga ta da littafi ta tsuguna gefena, ta ce, "Yaya, don Allah ka duba mini wannan lissafi."

Da na ga irin haruffan da ke ciki sai gabana ya faɗi. Na ce, "Haba, ke kuwa kin manta ni Hausa nake karantawa?"

Inna tana can tana yanka sabulu, ko ɗagowa ba ta yi ba, sai ta ce, "To, ai da Hausar za ka gaya mata. Turancin ai ta sha shi shekara shida, bai yi mata magani ba."

Aka yi dariya, ni kuwa ban yi ba, domin maganar ta soke ni. Shekara uku ke nan ina tsayawa a taron ƙungiyarmu ina ɗaga murya ina cewa babu ilmin da harshen Hausa ba zai iya ɗauka ba. Yau ga ilmin an kawo mini har gida, ga harshen a bakina, ga kuma mai bukata a tsugune. In na ce ba zan iya ba, to, duk abin da na daɗe ina faɗa ya zama cika baki.

Tambayar ga yadda take. An zuba mililita 50 na asid ɗin haidirokilorik a cikin kofi, aka ƙara masa mililita 50 na ruwan soda, kowannensu mai ƙarfin mol ɗaya a lita. Kafin a haɗa su ma'aunin zafi ya nuna digiri 27.0, bayan an haɗa ya hau zuwa 33.5. Sai aka ce a lissafa zafin da haɗin ya fitar. A ƙarƙashin tambayar ƙanwata ta rubuta ƙa'idar da ta haddace, watau Q = m × c × ΔT. Ta ɗebe 27.0 daga 33.5 ta sami 6.5, ta ƙara masa 273 ya zama 279.5, ta ninka shi sau 50, sa'an nan sau 4.2, ta sami 58,695. Ta ce ai lalle daidai ne, domin ta tuna littafi ya ce amsar irin wannan haɗi kusan 57,000 ce, ga tata kuwa ta yi kusa da ita. Amma malamin da ke yi musu bita ya soke aikin da jan biro, bai rubuta dalili ba.

Na dubi takarda, takarda ta dube ni. Da na ga ba sarki sai Allah, sai na fita zaure na buga wa abokina waya, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a makaranta, shi kuwa kimiyyar sinadarai yake karantawa. Sai da ya yi dariya ta ishe shi, yana cewa yau Malam Bahaushe ya zo hannu, kana ya ce kuskure biyu ta yi, suka taru suka haifi amsa mai kama da gaskiya. Ya ƙara da cewa, "Amma kada ka fara da gyaran lissafi. Ka tambaye ta tukuna, mene ne Q, mene ne kuma T." Ya ambaci sunayensu na Turanci, kalmomi biyu mabambanta.

Na dawo na tambaye ta. Na ce, "Wannan Q ɗin, da Hausa me ke nan?" Ta ce, "Zafi." Na ce, "To, T fa?" Ta yi shiru, can ta ce, "Shi ma zafi." Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tarar ni ma abin da ke bakina ke nan. Watau a kunnen yarinyar nan ƙa'idar cewa take yi, zafi daidai yake da nauyi sau wani abu sau zafi. Wa zai fahimci wannan? Ba abin da ya rage mata sai hadda, hadda kuwa ba ta hana mutum zuba 273 inda ba wurinsa ba. A daren nan barci sai ɓarawo, ina ta juya kalma ɗaya tak a zuciyata.

Da asuba, sanyi ya sauko sosai, na fito na tarar Inna tana surka wa autanmu ruwan wanka. Ta sauke buta daga wuta tana tafasa, ta juye cikin bokitin ruwan da ya kwana a waje, ta sa hannu ta motsa, ta ce ya yi. Na tambaye ta, na ce, "Inna, da cokali ɗaya kika ɗiba daga butar nan kika zuba, zai surku?"

Ta dube ni kamar wanda ya zautu. Ta ce, "Cokali ɗaya me zai yi wa bokiti?"

Na ce, "Ai ruwan cokalin da na butar zafinsu ɗaya, duka tafasasshe ne."

Ta ce, "Zafinsu ɗaya, amma ai na buta ya fi yawan zafi. Kai dai bokon nan naku sai ya sa mutum ya tambayi abin da ya sani."

Ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Zafinsu ɗaya, amma ɗaya ya fi yawan zafi! Ga bambancin da na kwana ina nema, ga shi a bakin wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Lalle rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Na ta da ƙanwata, na ce ta zo da littafinta gindin murhu.

Muka fara da raɗa wa abubuwan nan suna. Abin da ma'aunin zafi yake nunawa, watau T, muka kira shi matakin zafi, domin kamar tsani yake, ruwa yana hawa yana sauka a kansa, kuma da digiri ake ƙirga shi. Shi kuwa Q muka bar masa sunan da Inna ta ba shi, yawan zafi, watau abin da yake fita daga wani jiki ya shiga wani, ana kuwa auna shi da jul. Na kawo mata misalin tartsatsin da ke tashi wurin masu walda. Matakin zafinsa yakan haura digiri 1,000, amma in ƙwaya ɗaya ta faɗo wa mutum a hannu, ɗan tsikari zai ji kawai, domin ba ta da nauyin da za ta ɗauki zafi mai yawa. Tukunyar ruwa kuwa da ba ta wuce digiri 70 ba, in ta kife a ƙafar mutum sai an kai shi asibiti.

Nan take muka lissafa surkin Inna. Butarta tana cin lita 2, muka ɗauka ruwanta yana kan digiri 100. Bokitin yana da lita 8, a kan digiri 20. Zafin da ruwan buta ya rasa shi ne ruwan bokiti ya samu, ba ya ɓacewa a tsakani. Saboda haka 2 sau 100, a tara da 8 sau 20, ya ba mu 360, a raba shi gida 10, ya zama digiri 36. Jikin ɗan Adam mai lafiya kuwa kusan digiri 37 yake. Watau hannun Inna ya daɗe yana warware lissafin da ake kayar da yara a kansa.

Saura harafin c. Shi ma daga bakin mata muka samo sunansa, domin sukan ce wake yana da cin wuta. Kowane abu yana da irin nasa cin, sai muka ce cin zafi, watau yawan zafin da giram ɗaya na abu yake ci kafin ya hau digiri ɗaya. Giram ɗaya na ruwa yana cin jul 4.18, a makaranta akan cike shi a ce 4.2. Na alminiyam 0.90 ne, na baƙin ƙarfe 0.45, na jan ƙarfe kuwa bai kai 0.40 ba. Ashe ruwa ya fi ƙarfe ci kusan sau tara. Shi ya sa tukunya takan yi zafin da ba ta taɓuwa tun ruwan cikinta bai ko yi ɗumi ba, shi ya sa kuma maƙeri yake tsoma jan ƙarfe a ɗan kaskon ruwa ya huce nan da nan, ruwan kuwa bai tafasa duka ba.

Daga baya da na bincika, sai na ga ashe Turawan ma sun daɗe cikin wannan ruɗu. A shekarar 1742 ne Anders Celsius, wani masanin taurari na birnin Ufsala a ƙasar Suwidin, ya tsara ma'auninsa mai gida ɗari, har ma a juye ya yi shi, tafasar ruwa a kan sifiri, daskarewarsa a kan 100, sai bayan rasuwarsa aka daidaita shi yadda muka san shi yau. Amma duk da akwai ma'auni a hannu, masana da yawa sun ɗauka abin da yake nunawa shi ne yawan zafin da ke cikin abu. Sai wajen 1760 Joseph Black, malami a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, ya rarrabe su, ya nuna cewa abubuwa biyu masu nauyi ɗaya ba sa cin zafi ɗaya kafin su hau mataki ɗaya. Bayansa, a shekarun 1840, James Joule na yankin Mancesta a Ingila ya yi ta kaɗa ruwa da wata 'yar na'ura mai fukafukai, yana auna ɗan hawan da ruwan yake yi, har ya tabbatar da cewa aikin ƙarfi yana komawa zafi bisa ƙayyadadden lissafi. Sunansa ne aka ba ma'aunin da muke kira jul. To, in masu harshen sai da suka yi shekaru suna laluben wannan bambanci, don me za mu ce Hausa ta gaza saboda ba mu tarar da shi a shirye ba?

Da muka gama raɗin suna, sai ƙa'idar ta koma magana irin ta mutane. Yawan zafi shi ne nauyin ruwa, sau cin zafinsa, sau tazarar da matakin zafi ya yi. Wannan ɗan alwatika da ke gaban T harafin Girkanci ne, sunansa delta, ba abin da yake nufi illa tazara, watau inda aka tsaya a ɗebe inda aka fara. In kuwa tazarar ake nema, sai a juya maganar, a raba yawan zafi da nauyi sau cin zafi. Ƙanwata ta maimaita sau biyu, sa'an nan ta ce, "Yaya, ashe dama magana ce?" Na ce magana ce mana, gajarta ta kawai aka yi.

Amma gani ya kori ji. Ta gaya mini cewa a duk zamanta na sakandare sau ɗaya ta taɓa ganin ma'aunin zafi na gwaji, shi ma a hannun malami, daga nesa. Washegari na shiga Sabon Gari wurin masu sayar da kayan gwaje-gwaje na makarantu, na sayo guda da kuɗin motar komawata. Sauran kaya duk akwai su a gida. Ledar ruwan sha guda mililita 500 ce, mililita ɗaya na ruwa kuwa giram ɗaya ne, ga nauyi ya samu ke nan. Ga ɗan sikelin da Inna take auna kayan sabulu, ga kuma sodar kanta.

Inna ba ta yarda ta bar mu mu kaɗai ba. Ta kafa mana sharuɗɗa uku. Mu sa safar roba, kada kuma mu kusantar da fuska. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda. Sa'an nan kada mu kuskura mu taɓa mata tukunyar alminiyam, domin soda cinye ta take yi. Da na faɗa wa abokina waɗannan sharuɗɗa, sai ya ce su ne dai ake gaya musu a ɗakin gwaje-gwaje, ba ragi ba ƙari.

Muka juye ledar ruwa a wata robar sabulu, ƙanwata ta tsoma ma'auni, ta jira ya tsaya, ta ce 22. Muka auna soda giram 20, Inna ta zuba, ana motsawa da tsinke. Yarinyar nan ta ƙura wa ma'auni ido, sai na ji ta ce da ƙarfi, "Yana hawa! Wallahi yana hawa!" Ya hau har 31, ya ɗan tsaya, kana ya fara sauka. Tazara digiri 9 ke nan. Ta lissafa da kanta: 500 sau 4.2 sau 9, ya ba ta jul 18,900. Na bayyana mata cewa mol shi ne mudun da masu wannan ilmi suke auna sinadarai da shi, mudu ɗaya na soda kuwa giram 40 ne, saboda haka rabin mudu muka zuba. In rabin mol ya ba da 18,900, mol guda zai ba da 37,800, watau kilojul 37.8. Ta buɗe littafi, ta ga an rubuta 44.5. Nan da nan fuskarta ta canja, ta ce mun faɗi.

Inna ta sa bayan hannu a jikin robar, ta ce, "Ina sauran zai tafi? Ga shi nan a jikin roba, ga kuma iskar hunturu tana ta kwasa. Ku rufe abin mana." Ta ɗauko wata tsohuwar kula da aka daina zuba abinci a ciki, muka huda murfinta muka zura ma'auni, muka sake gwaji da sabon ruwa. A wannan karo tazarar ta kai digiri 10, watau jul 21,000, kilojul 42 ke nan a kowane mol. Ɗan abin da ya rage, abokina ya ce kular ma ta ci nata rabo, ga shi kuma sodar kasuwa takan sha danshin iska, saboda haka giram 20 ɗin ba duka ne soda zalla ba. Ashe abin da muka yi da kular nan shi ne ainihin abin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake haɗa sinadarai cikin kofi mai murfi wanda ba ya barin zafi ya tsere.

Baba yana zaune bakin ƙofa yana kallonmu bai ce uffan ba. Can sai ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da ragowar takin yuriya na damina a cikin kwano, ya ce, "Ku gwada wannan. Ni dai na san in na jiƙa shi, ruwan sanyi yake yi." Muka auna giram 30 muka zuba a sabuwar ledar ruwa. Ma'auni ya sauko daga 22 zuwa 19. Inda aka tsaya a ɗebe inda aka fara, sai tazara ta fito da alamar ɗebewa, watau −3. Ruwan ya yi asarar jul 6,300, takin ne ya karɓe su domin ya narke. A nan ne ƙanwata ta gane abin da ya daɗe yana rikita ta game da alamomi. Soda bayarwa take yi, ruwa ya karɓa ya hau, shi ya sa in ana rubuta lissafin sodar ake sa masa alamar ɗebewa, kamar mai kuɗin da ya fitar daga aljihunsa. Taki kuwa karɓa yake yi, ruwa ya sauka, sai a rubuta nasa da alamar tarawa.

Da dare muka koma kan tambayar da ta kayar da mu. Ban ce mata kome ba, na miƙa mata biro. Ta dubi 50 ɗin da ta rubuta, ta ce, "Ai ruwan da ya ɗumama duka ne, 50 da 50, giram 100 ke nan." Ta gyara. Da ta zo kan 273 sai ta tsaya tana kallona. Na ce mata ma'aunin Kelbin da na Salsiyas tsani ɗaya ne, tsawon matakansu ɗaya, illa dai shi Kelbin daga can ƙasa ya fara ƙirga, mataki 273 kafin daskarewar ruwa. Tazarar da ke tsakanin matakai biyu na tsani ba ta canjawa, ko daga doron ƙasa ka fara ƙirga ko daga cikin rijiya. Ta gwada: 27.0 ya zama 300.0, 33.5 ya zama 306.5, tsakaninsu dai 6.5. Ta soke 273 da kanta. Sai ta ninka 100 sau 4.2 sau 6.5, ta sami jul 2,730. Mililita 50 na ruwa mai mol ɗaya a lita yana ɗauke da mol 0.05, da ta raba sai ta sami 54,600, watau kilojul 54.6 a kowane mol, da alamar ɗebewa a gabansa. Na littafi kusan 57 ne, ba ta kuwa damu ba, domin yanzu ta san inda sauran yake tafiya.

Sa'an nan ta yi wani abu da ban koya mata ba. Ta ɗauki tsohuwar amsarta, 58,695, ta raba da 420, ta ga ya ba ta kusan digiri 140. Ta fashe da dariya, ta ce, "Yaya, da amsata gaskiya ce, ai da kofin ya tafasa ya ƙone malamin!" A nan na san karatu ya zauna, domin ta fara tuhumar lamba da hankalinta.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu girma, ga abin da ya sa na kawo wannan labari cikin mujallarmu. Mun iya tsayawa mu yabi harshenmu, mun iya zaƙulo azancin mawaƙa da hikimar karin magana, wannan kuwa aiki ne mai kyau, ba na raina shi. Amma tsakanin sashenmu da tsangayar kimiyya tafiyar minti kaɗan ce, ban kuwa taɓa taka ta ba sai bayan wannan hutu. Su suna da ilmin, ba su damu da neman sunansa da Hausa ba. Mu muna da harshen, muna tsoron lambobi. A tsakaninmu kuwa ga dubban yara irin ƙanwata, suna haddace abin da iyayensu mata suke aikatawa kullum a gindin murhu, ba su san abu ɗaya ba ne. Ba kuwa sabon zance ba ne. Tun 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yaran firamare lissafi da kimiyya da harshen Yarbanci har shekara shida, yaran nan kuwa ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har suka fi su a darussa da dama.

Ban ce a jefar da Turanci ba, domin da shi ƙanwata za ta rubuta jarrabawa, na kuma tabbatar ta riƙe kalmominsa daram. Ban kuma ce sunayen da muka raɗa su ne daidai ba. Wataƙila wani malami ya ce matakin zafi bai dace ba, ko cin zafi ya yi kama da maganar kasuwa. Madalla, a zo a yi gardama, a kawo wanda ya fi, ai da haka kowane harshe ya tara kalmominsa na ilmi. Roƙona ga ƙungiyarmu shi ne, ko sau ɗaya a zango, mu gayyato 'yan'uwanmu na kimiyya, su zo da darasi guda, mu zauna tare mu ga yadda za a faɗe shi da Hausar da yaro zai gane, mu buga abin da muka samu a waɗannan shafuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abokina ya riga ya amsa zai zo, da sharaɗin in daina kiran darasinsu alaƙaƙai.

Ƙanwata ta zauna jarrabawarta, sakamako bai fito ba har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, ina roƙon ku sa ta a addu'a. Ma'aunin zafin kuwa yana nan wurin Inna, ta hana ni tahowa da shi. Ta ce ta gane in ruwan soda da mai suka huce suka zo mataki ɗaya kafin ta haɗa su, sabulun ya fi yin kyau, da can da bayan hannu take aunawa a jikin roba, yanzu kuwa ta sami abin da ya fi hannu. Kuɗin motar da na kashe a kansa, ita ta biya ni da kuɗin sabulu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfanar da na bayanmu, amin. Wassalam.